Jinya Ta Kafar Allura: Ribarta Ga Ɗan Kasuwa Da Abin Da Za Ta Ci Kafin Ta Iso Minna

MINNA — Duk wanda ya tsaya a shataletalen Kpakungu da hantsi zai ga irin mutanen da ke riƙe da tattalin arzikin birnin Minna. A nan ne hanyar Bida ta shigo gari, a nan tireloli da tankokin mai ke gogayya da 'yan acaɓa da masu keke napep, a nan kuma ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya ke neman motar Gidan Kwano. A gefen titi akwai masu shaguna, masu awon hatsi, kanikawa, masu walda da mata masu sayar da abinci, Nufawa da Gwarawa da Hausawa da Yarabawa, waɗanda akasarinsu sai sun fito suke samun na cefane.

Ga irin waɗannan mutane, kwanciyar makonni a asibiti babbar asara ce ta kasuwanci. Kuɗin tiyata kashi ɗaya ne kawai na lissafin. Akwai shagon da ya zauna a rufe, akwai mai jinyar da ya bar sana'arsa ya tare a bakin gado, akwai kuma abokan cinikin da suka koma maƙwabta. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan kiwon lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, aljihun nan shi ne uwar kuɗin sana'arsa.

Wannan ne ya sa wani reshe na aikin likita da ya bunƙasa a duniya cikin shekaru 60 da suka wuce ya cancanci kulawar 'yan kasuwa, ko a matsayinsu na masu neman lafiya ko na masu neman inda za su zuba jari. Reshen shi ne yi wa majinyaci aiki a cikin jikinsa ta 'yar kafar da ba ta wuce ta allura ba, likita yana kallon abin da yake yi a allon na'urar ɗaukar hoto, ba tare da an tsaga ciki ko ƙirji ba.

Yadda ake aikin

Masu wannan aiki likitocin rediyoloji ne, wato likitocin hoto, waɗanda suka ƙara samun horo na musamman. Idanunsu su ne na'urori uku: na'urar sikanin da mata masu juna biyu suka saba da ita, na'urar siti-sikan, da na'urar eksire mai nuna hoto yana motsi nan take. Hannuwansu kuwa allura ce, da siririyar waya, da siririn bututun roba mai laushi.

Akan yi wa majinyaci allurar kashe zafi a wuri ɗaya, galibi a gindin cinya ko a wuyan hannu. Likita ya soka allura cikin jijiyar jini, ya zura waya ta cikin allurar, ya zare allurar, sa'an nan ya bi wayar da bututun. Da yake jijiyoyin jini sun ratsa kowane sashe na jiki kamar yadda hanyoyi suka ratsa ƙasa, bututun na iya tafiya har hanta ko ƙoda ko saifa ko mahaifa. Akan tura wani ruwa mai fitowa baƙi a hoto domin jijiyoyin su bayyana a allo. Idan an isa inda matsalar take, sai a toshe jijiyar da ke zubar da jini, ko a buɗe wadda ta toshe, ko a kai magani daidai wurin da ake bukata.

A wasu ayyukan ba a bi ta jijiya. Akan soka allurar ta fata kai tsaye zuwa ga ƙari ko ƙurjin da ke cikin jiki, hoto na nuna hanya domin kauce wa hanji da manyan jijiyoyi. Da yawa daga cikin ayyukan ba sa bukatar a sa mutum barci, ba a yin ɗinki, kuma akan sallami majinyaci a ranar ko kashegari.

Hatsari da zubar jini a ciki

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta bayar da rahoton mutuwar sama da mutum 5,000 a kan hanyoyin ƙasar nan a shekarar 2023, haka ma a 2024. Hanyar Minna zuwa Bida, mai nisan kilomita tamanin da 'yan kai, ta daɗe tana ɗaukar manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Kudu maso Yamma da Arewa, kuma ɗan acaɓan da ke ratsa tsakaninsu ba shi da abin da zai kare jikinsa.

Raunin da ya fi haɗari a irin wannan hatsari sau da yawa ba ya fitowa fili. Saifa ko hanta kan fashe, ko ƙashin ƙugu ya karye ya yanke jijiya, jini ya yi ta zuba a cikin ciki alhali a waje ba a ga komai ba sai ƙujewa. A da, mafita ɗaya ce: a tsaga ciki, a nemo inda jinin ke fitowa, sau da yawa kuma a cire saifar baki ɗaya. Wanda aka cire wa saifa kuwa yana zama cikin ƙarin haɗarin wasu cututtuka har ƙarshen rayuwarsa, kuma zazzaɓin cizon sauro kan yi masa tsanani.

Inda akwai kayan aiki da ƙwararre, akan zura bututu zuwa jijiyar da ta yanke a toshe ta da 'yan ƙananan murɗaɗɗun wayoyin ƙarfe, ko da wani soso na musamman da ke narkewa bayan 'yan makonni. Jinin ya tsaya, saifar ta zauna a wurinta. Wannan dabara ta fi amfani a karayar ƙashin ƙugu, inda jijiyoyin ke da wuyar kaiwa da wuƙar tiyata. To sai dai tana da sharaɗi: majinyacin da jininsa ya riga ya faɗi ƙwarai, ɗakin tiyata ne wurinsa ba tare da ɓata lokaci ba. Haka kuma aikin na sa'o'in farko ne, don haka ƙwararren da ke nisan tafiyar awa uku ba zai amfani wanda mota ta buge a Kpakungu ba.

Matsalolin bayan tiyata

Ko a manyan asibitocin duniya, tiyata kan zo da matsala a bayanta. Mugunya kan taru a cikin ciki bayan aikin hanji, musamman a wurin waɗanda zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, matsalar da asibitocin Arewa suka sani ƙwarai. Ruwan matsarmama kan yi yoyo bayan aikin hanta, hanyar fitsari kan sami rauni a lokacin aikin mahaifa, jini kuma kan ɓalle wa mace bayan haihuwa ta tiyata.

Sake buɗe cikin mutumin da bai warke daga aikin farko ba abu ne mai haɗari da tsada: kuɗin ɗakin tiyata na biyu, ƙarin jini, ƙarin makonni a gado. A maimakon haka, likitan hoto na iya gano inda mugunyar ta taru da na'urar sikanin, ya zura bututu mai kaurin tsinken tsintsiya ko ɗan fiye, ya bar shi tana tsiyayewa cikin jaka na 'yan kwanaki. A mafi yawan lokuta hakan ya wadatar, tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ga macen da jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, toshe jijiyoyin mahaifa na ɗan lokaci kan hana a kai ga cire mahaifar. Muhimmancin wannan a bayyane yake a ƙasar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ta yi asarar mata kimanin 82,000 a dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2020, wato sama da rubu'in adadin duniya baki ɗaya, kuma zubar jini na kan gaba cikin musabbabai.

Ciwon daji

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami sababbin masu ciwon daji sama da 127,000 a Nijeriya, yayin da sama da 79,000 suka rasu. Aikin kafar allura yana shiga wannan jinya a matakai uku.

Na farko shi ne tabbatar da cuta. Ba a fara maganin daji a kan zato. Sai an gutsuro ɗan naman ƙarin an duba shi a ɗakin gwaji. Da allura mai rami, a ƙarƙashin hoton sikanin, ana iya ɗebo wannan nama daga nono ko hanta ko wuya cikin ƙasa da awa ɗaya. Iyalai da dama sukan kashe watanni da dukiya suna yawon magani kafin a san sunan cutar, alhali wannan ɗan gajeren aiki ne zai nuna musu ƙofar da za su nufa.

Na biyu shi ne yaƙar ƙarin kansa, kuma a nan ciwon dajin hanta ne babban misali. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekaru 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ita ce babbar musabbabin dajin hanta a Afirka ta Yamma. Akwai kuma musabbabi na biyu da ya shafi fataken hatsi kai tsaye, wato gubar aflatoksin da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Idan ƙwayar cutar da gubar suka haɗu a jikin mutum ɗaya, haɗarin yana ninkuwa. Dajin hanta a wannan yanki ya fi kama maza, sau da yawa suna tsakiyar ƙarfinsu na neman abinci.

Idan an gano ƙarin yana ƙarami, bai wuce santimita 3 ba, ana iya soka masa wata allura mai fitar da zafi a ƙone shi a inda yake, kuma sakamakon hakan na kusa da na tiyata. Idan ya ɗara haka amma bai bazu ba, akwai wata dabarar da likitocin Japan suka inganta tun daga ƙarshen shekarun 1970. Ƙarin hanta yana shan jininsa ne daga jijiya ɗaya, yayin da lafiyayyar hanta ta fi dogara da wata jijiyar dabam. Don haka akan bi jijiyar ƙarin, a ɗura masa maganin daji mai ƙarfi, sa'an nan a toshe hanyar. Ƙarin ya sha magani ya kuma rasa abinci, sauran jiki bai sha wahalar maganin sosai ba. Wannan dabara tana ƙara tsawon rai, amma a mafi yawan lokuta ba ta warkarwa, kuma akan maimaita ta.

Na uku shi ne sauƙaƙa wa wanda cutarsa ta yi nisa. Dajin bakin mahaifa, wanda shi ne na biyu a yawa tsakanin matan Nijeriya bayan na nono, yakan danne hanyoyin fitsari har ƙoda ta daina aiki. Bututun da aka zura ta baya zuwa cikin ƙoda yana fitar da fitsarin, ƙodar ta farfaɗo, matar ta sami ƙarfin da za a iya yi mata gashi ko allurar maganin daji. Haka ake yi wa wanda ƙari ya toshe wa hanyar matsarmama har idanunsa suka yi ɗorawa jikinsa na ƙaiƙayi.

Daga ɗakin kwana zuwa kasuwar duniya

Asalin dabarar zura waya da bututu ta cikin allura daga ƙasar Suwidin yake, inda likita Sven-Ivar Seldinger ya wallafa ta a 1953. Amma wanda ya mayar da ita hanyar magani shi ne Charles Dotter na jihar Oregon ta Amurka. A ranar 16 ga Janairun 1964 ya buɗe toshewar jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekaru 82 wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, kuma ƙafar ta tsira. A 1977 Andreas Gruentzig ya yi irin wannan aiki a jijiyar zuciya a birnin Zurik na Suwizalan, ta hanyar hura 'yar balan-balan a cikin jijiyar.

A gefen wannan tarihi akwai labarin kasuwanci. A 1963 wani Ba'amurke mai suna Bill Cook da matarsa Gayle suka fara haɗa allurai da wayoyi da bututu a wani ɗakin gidansu a garin Bloomington na jihar Indiyana, da jarin dala 1,500. A shekarar ce Cook ya haɗu da Dotter a wani taron likitocin hoto a Chicago, suka ƙulla hulɗar da ta ɗore shekaru. Kamfanin Cook Medical yanzu yana sayar da kayansa a ƙasashe sama da 100. Cook bai fara da ƙera manyan na'urori ba. Ya fara ne da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a jefar, waɗanda kowane aiki sai an sayi sababbi.

Har yau haka kasuwar ta rabu. Manyan na'urorin hoto na hannun kamfanoni irin su Siemens na Jamus, Philips na Holan, GE na Amurka da Canon na Japan. Kayan yau da kullum kuwa na fitowa daga irin su Cook, Boston Scientific da Terumo. Kusan duk abin da ake amfani da shi a Nijeriya na wannan fanni shigo da shi ake yi.

Inda Nijeriya take

Ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne a ƙasar nan, kuma sun fi taruwa a Legas da Abuja da wasu 'yan asibitocin koyarwa. A Arewa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri na cikin waɗanda suka fara, ƙarƙashin Farfesa Ahmed Ahidjo, ɗaya daga cikin magabatan fannin a Nijeriya. A Legas, Dokta Hammed Ninalowo, wanda ya yi horonsa a Amurka, ya dawo gida ya kafa cibiyar IRDOC mai zaman kanta.

An kuma ga sabon salon zuba jari a 'yan shekarun nan. Hukumar NSIA mai kula da asusun ajiyar ƙasa ta buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 2019, sa'an nan cibiyar gwaje-gwaje da ɗaukar hoto a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2020, inda hukumar ta sa kuɗi ta kuma gudanar da wurin a matsayin kasuwanci a cikin harabar asibitin gwamnati. A watan Yunin 2025 bankin Afreximbank ya buɗe babban asibitinsa a Abuja, wanda ya ci kimanin dala miliyan 300, domin cututtukan daji da jini da zuciya. Manufar duk waɗannan ita ce tare wani kaso na kuɗin da ke fita zuwa Indiya da Masar da Turkiyya da Dubai, wanda jami'an gwamnati suka sha ƙiyasta shi da dala biliyan ɗaya ko fiye a shekara.

Ga mazaunin Kpakungu, hanyar jinya takan fara daga asibitin unguwa zuwa Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida. Idan lamarin ya kai ga manyan ayyukan ciwon daji, akasari takardar turawa kan nufi Abuja ko Zariya ko Ilorin. A nan lissafin ke sake hawa: kuɗin mota na mutum biyu ko uku, masauki, abinci, da jiran layi a garin da ba a san kowa ba.

Abin da ke sa tsada

Sabuwar na'urar eksire ta duba jijiyoyi, idan aka haɗa da gina ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da dalma domin tare haskenta, takan kai dala miliyan ɗaya ko fiye. Sai an sami lasisin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya kafin a kunna ta, kayan da za a shigo da su kuma sai sun bi ta hukumar NAFDAC. Amma sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin matsalolin.

Matsala ta farko canjin kuɗi ce. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana kan Naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati. Bayan sakin Naira a watan Yunin shekarar, ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Kowace waya da kowane bututu sun bi dalar, alhali kuɗin shigar majinyaci a Naira yake. Kayan kuma suna da wa'adi, kuma suna da girma iri-iri, don haka dole cibiya ta ajiye nau'o'i da dama waɗanda wasunsu za su lalace ba a yi amfani da su ba. Dogaro da waje na da wani haɗarin: a 2022, da aka rufe birnin Shanghai saboda annobar korona, masana'antar GE mai yin ruwan da ke bayyana jijiyoyi a hoto ta tsaya, har asibitocin Amurka suka riƙa ɗage ayyuka.

Ta biyu wutar lantarki ce. Jihar Neja ce mai madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma duk da haka babu cibiyar da za ta zura bututu cikin jijiyar mutum tana dogaro da wutar gari kaɗai. Sai da janareta, da batura masu riƙe wuta, da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wutar rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni, abin da ya ninka kuɗin wutar manyan asibitoci kusan sau uku.

Ta uku gyara ce. Na'urar da aka saya ba tare da yarjejeniyar kulawa ta shekara-shekara ba takan zama kayan ado da zarar wani sashe ya ƙone, domin injiniya da kayan gyara daga nesa suke zuwa.

Ta huɗu, wadda ta fi duka, mutane ne. Bayan digirin likita, sai mutum ya yi shekaru biyar ko shida yana horon rediyoloji, sa'an nan ya ƙara shekara ɗaya ko biyu a wannan fanni. Yana kuma bukatar ma'aikatan jinya da masu sarrafa na'ura da suka san aikin. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana a 2025 cewa likitoci sama da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Wanda ya iya wannan aiki yana da kasuwa a ko'ina a duniya.

Ƙasar Tanzaniya ta nuna wata mafita. A 2018 aka fara shirin Road2IR a Asibitin Ƙasa na Muhimbili da ke Darussalam, tare da jami'o'in Yale da Emory na Amurka. Maimakon a tura ɗalibai waje, malaman ne ke zuwa rukuni-rukuni suna koyarwa a kan majinyatan gida da kayan da ake da su. A 2021 aka yaye likitoci uku na farko, kuma waɗanda aka yaye suka shiga koyar da na bayansu.

Inda Minna za ta iya farawa

Darasin da ke cikin wannan duka shi ne cewa aikin hawa-hawa ne, kuma matakin ƙasa ba ya bukatar dala miliyan. Ɗebo nama domin gwaji, tsiyaye mugunya, cire ruwa daga ciki ko ƙirji, da sa bututun ƙoda, duk ana iya yin mafi yawansu da na'urar sikanin mai kyau, wadda ƙanananta ake samu a kan 'yan dubban daloli, tare da ƙaramar na'urar eksire mai tayoyi irin wadda likitocin ƙashi ke amfani da ita. Waɗannan ne kuma ayyukan da aka fi bukata a kullum. Cibiyar da ta fara da su tana tara majinyata, tana horar da ma'aikata, tana sanin ainihin yawan masu bukata kafin ta ci bashin babbar na'ura.

Akwai ƙofofi uku ga masu jari. Ta farko ita ce haɗin gwiwa da asibitin da ya riga ya tsaya, irin tsarin da aka bi a Kano, domin aikin kafar allura ba ya zama shi kaɗai: yana bukatar ɗakin tiyata, ma'ajiyar jini da ɗakin gwajin nama a kusa. Shirin gwamnatin jihar na mayar da tsohon Otal ɗin Shiroro asibitin koyarwa na Jami'ar IBB ta Lapai dama ce ta tanadar wa wannan sashe gurbi tun daga zanen gini. Ta biyu ita ce dillancin kayan aiki, inda mai shigo da kaya ɗaya zai ajiye wa asibitoci da dama na Minna da Bida da Suleja da Kontagora, a rage asarar kayan da wa'adinsu ke ƙarewa. Ta uku ita ce wutar hasken rana da gyaran na'urori, sana'ar da injiniyoyin da ake yayewa a Gidan Kwano za su iya shiga.

Babu ɗayan waɗannan da zai yi riba idan majinyaci ba zai iya biya ba. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, Jihar Neja kuma tana da nata shirin taimakekeniya na NiCare. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, a asibitoci shida da suka haɗa da na Abuja da na Zariya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na 'yan acaɓa, waɗanda suka saba da adashi da kuɗin ƙungiya, suna da ƙarfin shiga inshora a dunƙule, su kuma nemi a bayyana musu a rubuce ko irin waɗannan ayyuka na cikin abin da za a biya.

Wajibi ne kuma a san iyakar abin. Aikin kafar allura yana da nasa haɗarin: zubar jini a inda aka soka, shigar ƙwayoyin cuta, illar ruwan hoto ga mai raunin ƙoda, da zazzaɓi da ciwo na 'yan kwanaki bayan toshe jijiyar ƙari. Bai maye gurbin tiyata ko gashi ko allurar maganin daji ba. Likitocin ne ke zama tare su zaɓi abin da ya dace da kowane majinyaci. Mai neman wannan aiki yana da haƙƙin tambayar likita inda ya yi horo, sau nawa ya yi irin aikin, da jimillar kuɗin har da na maimaitawa.

Mafi yawan masu dajin hanta a ƙasar nan suna isa asibiti ne bayan cutar ta wuce matakin da allurar ƙonawa za ta yi amfani. Saboda haka matakin da ya fi arha yana hannun ɗan kasuwa tun yau. Gwajin cutar hanta nau'in B na 'yan mintoci ne. Wanda ba shi da ita ya yi allurar rigakafi, wadda aka sa cikin rigakafin jarirai a Nijeriya tun 2004. Wanda yake da ita ya riƙa ganin likita, a duba hantarsa da sikanin kowane wata shida idan likitan ya ga yana cikin masu haɗari, domin a kama ƙari tun yana ƙarami. Mai sayen gyaɗa da masara kuma ya tabbatar sun bushe sarai kafin su shiga buhu, ya ɗora buhunan a kan katako nesa da danshin ƙasa.